Sukurorin kafireta da hannu ba ya kaiwa: amsa ga wani mai babur a Aboabo

Wani matashi mai babur a Aboabo ya aiko mini da wannan tambaya: "Masta, babur ɗina 150 ne, mai inji irin na Honda CG. Kwanan nan ya fara mutuwa a sulo, sai na ce bari in buɗe kofin kafireta in wanke. Sukuru ɗaya yana can ciki ta wajen firam, sukundireba ba ta miƙewa a kansa, har kan ya fara gogewa. Na ƙarƙashi kuma, wanda ake gyara sulo da shi, ko ganinsa ba na yi. Yaya zan yi ba tare da na lalata kafiretar ba?"

Ƙanena, abu na farko da nake roƙonka shi ne ka ajiye wannan sukundireba, kada ka ƙara juya ta ko sau ɗaya a kan sukurun da ya fara gogewa, domin yanzu yana da sauran gyara, amma juyi biyu ko uku a karkace za su mayar da giciyen kansa rami. Na daɗe ina wannan aiki a Kumasi, kuma abin da na gani shi ne sukurorin kafireta kashi biyu ne, mutane kuma suna yi musu aiki a juye. Akwai waɗanda suke buƙatar ƙarfi kafin su kwance, wato na kofi, ma'ajiyar man da ke ƙasan kafireta, waɗannan wurin aikinsu kan benci ne, bayan an sauke kafiretar daga babur. Akwai kuma guda ɗaya da ba makawa sai a jikin babur za a gyara zamansa, inji yana aiki kuma ya yi zafi, shi ne sukurun da ke daidaita gaurayen mai da iska a sulo, wato lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba, shi kuwa ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Duk ɓarnar da ake kawo mini ta fito ne daga mutumin da ya yi kokawa da na farko a lungu, ko kuma ya danne na biyu da ƙarfin da ba nasa ba.

Dalilin da ya sa sukurun kofi ke kafewa ba boyayye ba ne. Jikin kafireta zubi ne na alminiyam ko tutiya, sukurun kuwa ƙarfe ne, kuma idan ƙarafa biyu mabambanta suka zauna a manne ruwa yana ratsa tsakaninsu, sai wani farin gari ya taru a cikin zaren ya riƙe sukurun kamar siminti. Mu nan Kumasi damina biyu muke yi a shekara, babur yana kwana a waje, ana kuma kai shi wurin wanki ana fesa masa ruwa mai ƙarfi ta ƙarƙashin tanki. Da hunturu ya shigo sai ƙura ta haɗu da jiɓin mai ta cika giciyen da ke kan sukurun, ta yadda bakin sukundireba ba ya shiga sai rabi. Mutane da yawa suna tsammanin sukurun ne ya ƙi, alhali laka ce ta toshe masa kai. Saboda haka kafin komai ka sami allura ko siririyar waya ka ƙwaƙule giciyen nan sosai har ka ga ƙarfen ƙasansa.

Akwai wani abu kuma da ya fi ƙura da tsatsa cin kan sukuru, wanda ko cikin masu sana'ar ba kowa ne ya lura da shi ba. Sukurori masu giciye ba iri ɗaya ba ne, ko da ido yana ganinsu ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne Phillips, da ya fito daga Amurka a shekarun 1930, kuma yawancin sukundirebobin da ake sayarwa a kasuwa nasa ne. Kamfanonin Japan kuwa, irin su Honda da Yamaha da Suzuki, da masu ƙera musu kafireta kamar Keihin da Mikuni, sun daɗe suna amfani da nasu ma'aunin da ake kira JIS. Kusurwoyin giciyen JIS a tsaye suke, na Phillips kuma suna da ɗan lanƙwasa, don haka idan ka sa sukundirebar Phillips a kan sukurun JIS ba ta zama daram, sai ta dogara a kan leɓɓan giciyen kawai, kuma da zarar ka juya da ƙarfi sai ta hauro waje tana gwaguyar ƙarfen. Sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo guda an buga a gefen giciyen, wannan ɗigo alamar JIS ce, kodayake ba kowanne ne ke ɗauke da ita ba. Kafiretocin China irin su PZ27 da PZ30, waɗanda suka cika baburanmu masu inji irin naka, an kwaikwayi fasalinsu ne daga na Keihin, kuma a abin da hannuna ya taɓa, ƙarfen sukurorinsu ya fi laushi, don haka ba sa yafe kuskuren baki ko kaɗan.

Ni ba na dogara da abin da aka rubuta a jikin sukundireba, gwadawa nake yi. Ka kwance ɗaya daga cikin sukurorin kofin da suke da sauƙin kaiwa, ka sa shi a aljihu ka tafi da shi Suame Magazine wurin masu sayar da kayan aiki, ka riƙa ɗora shi a bakin sukundireba mai lamba 2 ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta dace za ka ji ta shige ta zauna ba girgiza, har idan ka kwantar da ita sukurun zai tsaya a bakinta ba tare da maganaɗisu ba. Idan ka dace da ta kamfanin Vessel na Japan, ka saya ko da ta fi tsada, domin kuɗinta bai kai na sabuwar kafireta ba. In ba ka samu ba, akwai dabarar da muke yi: a goge tsinin sukundirebar Phillips kaɗan da zarto, abin da bai wuce milimita ɗaya ba, don tsinin ya daina taɓa ƙasan ramin kafin fikafikanta su kama gefe. Ba ta zama JIS ba, amma riƙonta yana ƙaruwa ƙwarai.

To, ko da sukundirebar kirki ce a hannunka, ba ta da amfani in ba ta tsaya a miƙe da sukurun ba, kuma a nan ne maganar lungu ta shigo. Ƙa'idata ita ce a buɗe wa sukundireba hanya, ba a lanƙwasa ta don ta bi hanyar da babu ba. A baburan da kafiretarsu ke zaune cikin roba ta gaba da ta baya, ana sassauta maɗauran biyu sai a murɗa kafiretar a hankali har gindin kofin ya leƙo gefe, amma a fara duba wayar totur da tiyon mai kada su ja. Naka ba haka yake ba. A inji irin na CG, kafireta tana ɗaure ne da noti biyu a kan bakin bututun da ke shiga inji, ba ta juyawa ko da an sassauta ta. Akwai gajerun kayan aiki da aka yi don irin wannan wuri, kamar ƙaramin raci mai karɓar gajeren baki, ko sukundireba mai lanƙwasa biyu kamar ƙugiya, kuma ina amfani da su idan na san sukurun an taɓa kwance shi kwanan nan. Amma a kan sukurun da ya kafe ba na yarda da su, saboda ba su ba ka damar danna shi da nauyin jikinka, kuma dannawa ita ce ke hana baki haurowa.

Saboda haka shawarata ita ce ka sauke kafiretar gaba ɗaya, aikin da bai kai rabin awa ba ko ga wanda bai saba ba. Ka bar injin ya huce, ka rufe famfon mai, ka cire wayar batir ta baƙi, sannan ka zubar da man kofin ta sukurun magudana da ke gindinsa cikin gwangwani, nesa da mai shayi da mai walda. Ka kwance murfin sama da hannu ka zaro silindar kafireta, wato ɗan ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa, da allurarta, ka rataye su inda ba za su taɓa ƙasa ba. Bayan ka sassauta maɗaurin robar akwatin iska, sai notin nan biyu, waɗanda galibi sufana mai lamba 10 ce ke kama su. Na cikin shi ne mai wuya, kuma kuskuren da ake yi shi ne a cire na waje gaba ɗaya tukuna, sai duk nauyin matsin ya koma kan na lungun. Ka fara da na cikin tun na wajen yana ɗaure, da sufana mai zobe, kana motsa shi kaɗan-kaɗan, sa'annan ka riƙa sassauta su bi da bi. Da kafiretar ta fita ka cusa tsumma mai tsabta a bakin bututun injin, domin ƙaramar washa in ta faɗa can, aikin ya tashi daga na kafireta ya koma na buɗe kan inji.

A kan benci, ka kife kafiretar ka tallafe ta da katako, musamman ƙarƙashin kunnen da sukurun yake ratsawa, don wannan kunne siriri ne kuma zubi ne, karyewa yake yi ba lanƙwasa ba. Ka ɗiga man shiga tsatsa irin WD-40 a kan sukurun da kuma ta bayansa in ramin ya fita, ka ba shi lokaci, in da hali ya kwana. Sannan ka dangwali ɗan man da ake wasa bawul da shi ka shafa a bakin sukundireba. Yashin da ke cikinsa yana cike giɓin da gogewa ta bari, kuma sau da yawa shi kaɗai yake ceton sukuru irin naka. Ka kafa sukundirebar a miƙe, ka ɗan bubbuga ƙotarta da ƙaramar guduma sau uku ko huɗu don ta zauna kuma farin garin nan ya tsattsage. Ka ɗora tafin hannu ɗaya a saman ƙotar kana dannawa da nauyin ƙirjinka, ɗaya hannun kuma yana juyawa, ka fara da ɗan motsi wajen ɗaurewa kafin ka koma wajen kwancewa. In ya yi niyyar fita za ka ji wata 'yar ƙara, ƙas, daga nan kuma yatsu biyu ma sun isa.

Idan bai motsa ba, zafi yana taimakawa, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi, sai ramin ya ɗan saki sukurun. Amma zafin da nake nufi na tafasasshen ruwa ne da za ka kwarara a kan kunnen, ba wuta ba. Kofin da ka zubar wa mai har yanzu cike yake da tururin fetur, kuma abin iyo na ciki, mai rufe mai in kofi ya cika, da gasket duk roba ne. Haka nan sukundirebar bugu, wadda ake doka wa guduma ta juya da kanta, tana da kyau a kan murfin inji, amma a kan kafireta ni ba na kusantar da ita sai komai ya ƙare, kuma ko a lokacin da bugu mai sauƙi, saboda na ga kunnuwan da suka ɓalle ta haka fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

In giciyen ya riga ya zama rami, har yanzu da sauran hanya, kuma ina bin su ne daga mai sauƙin ɓarna zuwa mai yawanta. Kan waɗannan sukurori a tudu yake, don haka ƙaramar filaya mai kulle kanta tana iya cafke shi ta gefe, kuma wannan ita ce ta fi yi mini aiki. In babu filin da filaya za ta shiga, sai a yanka tsaga guda a tsakiyar kan da ruwan zarton ƙarfe, a sa sukundireba mai faɗin baki da ta cika tsagar. Ta ƙarshe ita ce huda: a ɗauki bakin huda daidai da kaurin sukurun, wato milimita 4 in sukurun M4 ne, a bi tsakiyar ramin a hankali har kan ya ɓalle ya hau bakin hudar kamar zobe. A nan ake tsayawa, ba a ci gaba cikin jiki. Da an ɗaga kofin sai ka ga guntun sukurun ya leƙo daidai da kaurin kunnen kofin, kuma tunda matsin kan ya tafi, yawanci filaya tana juya shi ba gardama.

Kada ka mayar da tsofaffin sukurorin, ko waɗanda suka fita lafiya. Ka kai ɗaya wurin masu sayar da noti ka karɓo masu kai na alanki, wato masu rami mai kusurwa shida a kai, masu kauri da tsawo daidai da shi. M4 yana da tazarar zare 0.7 kuma alanki mai lamba 3 ke kama shi, M5 kuwa 0.8 ne da alanki mai lamba 4. Tsawon yana da muhimmanci, saboda in ramin bai fita ba, sukuru mai tsawo zai doki ƙasa kafin ya matse kofin, kai kuma kana ta ƙara ɗaurewa har zaren ya tsinke. Amfanin wannan canji ga mai tambaya irin taka babba ne, domin alanki mai dunƙulen baki yana juya sukuru ko da ya ɗan karkata, don haka nan gaba za ka iya sauke kofin kafiretar tana jikin babur. Sai dai yana zuwa da nasa haɗarin, wato alanki yana ba hannu ƙarfin da zaren alminiyam ba zai ɗauka ba. Ka shafa ɗan giris a zaren, ka fara ɗaurawa da yatsu, ka riƙe alankin ta gajeren gefensa, kana bin sukurorin bi da bi har su zauna. In kofi yana yoyo, gasket ɗin ne ya mutu ko abin iyo ba ya rufe mai, kuma ƙarin ɗauri ba ya gyara ko ɗaya daga ciki. Idan kuwa zaren ya riga ya tsinke, in ramin mai fita ne sai a sa sukuru mai ɗan tsawo da noti ta baya, in kuma kunnen yana da nama sai a huda da milimita 4.2 a yanka sabon zare na M5.

Da ka buɗe kofin za ka tarar da wani mai wuyar kaiwa a ciki, wato ƙaramin jet na sulo, ɗan sukuru mai siririyar huda da man sulo ke bi ta ciki, wanda a wasu kafiretoci yake can cikin wani siririn rami. Tagulla ne, ya fi duk sauran laushi, kuma sukundirebar da bakinta ke faɗaɗa zuwa sama tana gogar bangon ramin kafin ta kai gare shi. Ina da guda da na goge gefunanta har ta zama sambal daga sama zuwa ƙasa, ba na kuma taɓa wani abu da ita sai wannan. Dole bakin ya cika tsagar daga gefe zuwa gefe, in ba haka ba leɓe ɗaya ne zai ɓalle. Hudar wannan jet ba ta kai rabin milimita ba. A lambobin Keihin, jet mai lamba 38 hudarsa kusan milimita 0.38 ce. Saboda haka kada ka tsokale ta da allura ko wayar ƙarfe, ka jiƙa shi da maganin wanke kafireta, ka hura masa iska, ka ɗaga shi wajen haske har sai ka ga ɗigon haske zagayayye. Ina kyautata zaton mutuwar babur ɗinka a sulo daga nan take.

Yanzu sai wanda ka ce ba ka ganinsa. Da farko ka bambanta shi da babban sukurun gefe mai sifirin a fili, wanda aikinsa kawai ɗaga silinda ne don ƙara ko rage gudun sulo. Sukurun gauraye ƙarami ne, kuma wurin da yake zaune shi ke gaya maka aikinsa. In yana ɓangaren akwatin iska, iska yake sarrafawa, kwance shi yana ƙara iska ya rage kaurin mai. In yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, kwance shi yana ƙara mai. Na kafireta irin taka yana ɓangaren inji ne, ta ƙarƙashi, a gaban kofi, kansa yana kallon ƙasa, kuma a baburan da sitatar lantarki ke zaune a wurin, abin da ya rage tsakaninsa da ita da ƙyar yake ɗaukar yatsu biyu.

Tun kafiretar tana kan benci za ka fara aikinsa. Kafin ka cire shi, ka ɗaure shi a hankali kana ƙirga juyi har ka ji ya taɓa, ka tsaya nan take, ka rubuta adadin. Yawancin irin waɗannan kafiretoci suna zama tsakanin juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi daga inda ya taɓa. Na ce ka tsaya nan take ne saboda bakinsa tsini ne siriri kamar allura, yana shiga wata ƙaramar huda a jikin kafiretar. Wata rana wani direban babur ya turo nasa har garejinmu, gumi ya jiƙe masa riga, ya ce tun da aka yi masa gyara a bakin hanya babur ba ya tsayawa sai da totur. Na zaro sukurun na ɗora a tafin hannuna, sai na ga bakinsa a gundule. Na haska cikin maƙogwaron kafiretar da tocilan, ga tsinin tagullar nan yana ƙyalli, ya toshe hudar kamar an dasa shi. Mun yi sa'a ya fita da muka tura shi daga ciki da sandar tagulla, amma leɓen hudar ya riga ya buɗe, kuma wannan kafireta ba ta ƙara riƙe sulo yadda ya kamata ba har ya canza ta. Abin ya dame ni, don ba tsufa ne ya kashe ta ba, rubu'in juyi ne na hannun da bai san inda zai tsaya ba.

In ka zaro shi, abubuwa uku ne ke biye da shi: sifirin, sai 'yar ƙaramar washa, sai zoben roba ƙarami kamar ƙwayar gero, kuma a wannan jeri ake mayar da su a jikin sukurun, robar ce a wajen tsini. Washar da robar sun saba maƙalewa a cikin ramin, sai mutum ya hura iska su tashi bai sani ba, ko ya sa sababbi a kan tsofaffi. Ka leƙa ramin da tocilan ka zaro su da siririyar waya mai ɗan ƙugiya, kuma ka yi aikin a cikin faranti. Kada maganin wanki ya taɓa robar, yana kumbura ta. In ta bushe ko ta tsage, iska za ta riƙa shiga ta nan, kuma duk yadda ka juya sukurun sulo ba zai zauna ba.

Ka mayar da shi a adadin da ka rubuta, sannan tun kafin ka ɗora kafiretar ka tanadi abin da za ka juya shi da shi, ka gwada shi a benci. Akwai sukundireba ta musamman mai doguwar ƙota da baki mai kusurwa, wadda ake juyawa daga nesa, kamfanoni irin su Motion Pro suna yin ta, amma ba lallai sai da ita ba. Abin da na fi amfani da shi shi ne gajeren baki mai faɗi, irin wanda ake sa wa raci, tsawonsa milimita 25, na cusa gindinsa cikin guntun tiyon mai don yatsu su sami abin kamawa, na kuma ɗiga farin fenti a gefe ɗaya don in riƙa ƙirga juyi. Kada tiyon ya yi tsawo, domin dogon tiyo yana murɗewa, ka juya rabi a hannunka sukurun ya juya rubu'i. Ana kuma sayar da sukurun gauraye mai dogon kai da ake juyawa da yatsu; in za ka sa irinsa ka jera shi da naka na asali ka tabbata tsininsu da zarensu ɗaya ne. Ƙaramin madubi a kan murfin inji yana nuna maka tsagar, safar hannu ta auduga kuma tana kare bayan hannunka daga zafin inji.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne wajen juyi. Tunda kan sukurun ƙasa yake kallo kai kuma kana kallonsa daga sama, abin da idonka ke gani kamar kwancewa ɗaurewa ne. Ka saba wa yatsunka tun a benci, kana riƙe da kafiretar yadda take zama a babur, har hannunka ya san wajen ba tare da tunani ba.

Bayan ka ɗora ta, ka ɗaure notin nan biyu daidai wa daida ba tare da wuce kima ba, don yawan matsi yana lanƙwasa fuskar kafiretar har silinda ta riƙa maƙalewa, ka kuma juya maɗaurin robar akwatin iska yadda kan sukurunsa zai kalli inda sukundireba ke shiga a miƙe. Ka hau babur ɗin kamar minti goma ya yi zafi sosai, ka kafa shi a babbar ƙafa a fili inda iska ke kaɗawa, ka ɗan ɗaga sulo da sukurun gefe. Sai ka juya na gauraye rubu'in juyi, ka cire hannu ka saurara daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, domin inji ba ya amsawa nan take. Ka bi wajen da ƙarar ke ƙaruwa har ta fara raguwa, ka dawo inda ta fi tashi kuma ta fi daidaito, sa'annan ka sauke sulo da sukurun gefe zuwa wajen juyi 1,400 a minti, wanda shi ne abin da irin wannan inji ya saba so. Ka ɗan murɗa totur ka saki: in ƙarar ta daɗe a sama kafin ta sauko, mai ya yi kaɗan, in kuma ta faɗi ƙasa kamar zai mutu sannan ta farfaɗo, mai ya yi yawa.

Adadin juyin da ka ƙare a kansa yana da abin da yake faɗa maka. In sai da ka kwance shi ya wuce juyi uku kafin inji ya ji daɗi, hanyar man sulo ba ta buɗe sosai ba ko kuma iska na shiga ta wani wuri, kuma a wannan nisa sifirin ba ya riƙe shi da kyau, girgiza tana iya zubar da shi a hanya. In kana juya shi injin bai nuna ya ji ba sam, ka duba zoben robar da ke fuskar kafiretar wajen notin biyu, ka duba tsayin mai a kofi. Idan duk waɗannan lafiya suke amma babur ɗin yana ci gaba da mutuwa da zarar ya yi zafi, to ka bar kafiretar haka nan, ka sa a auna maka tazarar bawul injin yana sanyi, a kuma zaro fulogi a ga launinsa.